Yadda muka yi jinyar ciwon dasashin da ya fara cin ƙashin haƙoran 'yata tana shekara 14

Tun da 'yata ta biyu ta gama famfara haƙoranta a jere suke, a matse da juna, babu ko 'yar kafar da tsinken sakace zai shiga. Sai da ta kai shekara 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare, wushirya ta fara bayyana a tsakanin haƙoranta biyu na gaba na sama. Duk wanda ya gani yabawa yake yi, Hajiya kuwa, kakarta ta wajen uba, cewa ta yi kyau ne ya zo tare da 'yanmatanci. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne wushiryar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kullum ƙara faɗi take yi, ɗaya daga cikin haƙoran kuma ya ɗan turo gaba. Na kuma lura ta daina shan rake da cin goruba, waɗanda a da ba ta gajiya da su, sannan idan ta goge baki da safe kumfar da take tofarwa tana fitowa da jirwayen jini.

Ba ta taɓa kukan ciwon haƙori ba, kuma haƙoranta farare ne tas, ba kogo, ba datti, domin yarinya ce mai tsabta wadda ba a tuna mata buroshi da makilin. Wannan ne ya sa duk wanda na yi wa maganar yake ɗaukarta da sauƙi. Wata maƙwabciya ta ce zafi ne ya yi mata yawa, wata ta ce basir ne, aka ba mu shawarar ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari. Ruwan gishirin yakan rage jinin na ɗan lokaci, sai ya dawo. Ranar da ta same ni a ɗaki ta ce, "Umma, taɓa ki ji, wannan haƙorin motsi yake yi," na wanke hannu na taɓa, na ji haƙorin ƙasa na gaba yana girgiɗa a ƙarƙashin yatsana, a daren na gaya wa Abbansu cewa lamarin ya wuce na gida.

Mun fara da wani ƙaramin asibitin haƙori da ke kusa da mu. Likitan ya duba bai ga kogo ko ɗaya ba, amma da ya danna dasashin da ke jikin turmin baya sai 'yar mugunya ta fito. Ya ce ba zai cire komai ba, ba kuma zai rubuta magani ba, domin wannan aikin masu ƙwarewa ne a kan dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙori. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Har yanzu ina ganin ƙimar wannan mutum, domin da ya yi mata wankin haƙori na sama-sama ya karɓi kuɗinsa ya sallame mu, da mun koma gida da murna alhali ciwon yana ci gaba da aikinsa a ƙasa.

A babban asibitin, bayan yankar kati da jiran layi, likitar da ta karɓe mu ta fara ne da tambayoyi masu yawa waɗanda a lokacin ban ga haɗinsu da haƙori ba. Ta tambayi ko yarinyar tana yawan zazzaɓi ko ƙuraje masu mugunya, ko tana yawan fitsari da ƙishirwa, ko rauni yana daɗewa a jikinta bai warke ba, ko wani magani ya taɓa yi mata borin jini. Daga nan ta tambayi ko akwai wanda ya rasa haƙora da ƙuruciya a danginmu ko dangin mahaifinta. Nan take gwaggon yaran ta faɗo mini a rai, ƙanwar Abbansu, wadda haƙoranta na gaba suka zube tun ba ta kai shekara 30 ba, kuma kowa a gidan ya tafi a kan cewa haihuwa ce ta cinye mata su. Likitar ta rubuta wannan ta ja masa layi.

Gwajin da ya bayyana komai da wani siririn ƙarfe aka yi shi, mai zane-zanen milimita a jikinsa, bakinsa a dakushe. Likitar tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki, tana faɗin lamba, ma'aikaciyar jinya tana rubutawa a wata takarda mai zanen haƙora. Yarinyar tana da haƙora 28 a lokacin, ke nan wuri 168 aka auna. Kafin ta fara ta yi mini bayani cewa a baki mai lafiya ƙarfen ba ya wuce milimita 1 zuwa 3, abin da ya kai 4 ya zama aljihun da datti yake maƙalewa, abin da ya kai 6 ko ya wuce kuwa ya yi zurfin da ba buroshin da zai kai gindinsa. Ina zaune ina jin biyu, biyu, uku, biyu, hankalina yana kwanciya, sai da ta iso turmin farko na dama na ji ta ce bakwai, ta sake cewa takwas. Haka aka samu a turmin hagu, sama da ƙasa, da kuma haƙoran gaba. Sauran haƙoran duk lafiyarsu ƙalau.

Hoton muƙamuƙi da aka ɗauka a ranar, irin wanda na'ura take zagaya kai ta fito da haƙora duka a faifai ɗaya, shi ya nuna mini abin da lambobin suke nufi. A gefen kowane turmi na farko akwai wani baƙin lungu mai lanƙwasa inda ƙashi ya kamata ya kasance, kuma na dama da na hagu sun yi kama da juna matuƙa. Likitar ta ce, "Malama, haƙorin kansa ba abin da ya same shi. Ki ɗauka bishiya ce a bakin rafi, ganyenta kore shar, amma ruwa ya zaizaye ƙasar gindinta." Ta ce turamen farko na dindindin suna fitowa ne tun yaro yana wajen shekara 6, haƙoran gaba kuma tsakanin 6 zuwa 8, kuma su ne wannan nau'in ciwon yake kamawa, galibi a daidai lokacin balaga. Da ƙashin da ke riƙe da haƙoran gaba ya ragu, sai harshe da tauna suka riƙa tura su, suka buɗe. Wushiryar da ake yabawa daga nan ta samo asali.

Tambayar farko da na yi ita ce ko rashin tsabta ne, domin na ga yarinyar ta sunkuyar da kai tun da aka fara maganar mugunya. Likitar ta juya ta kalle ta, ta ce, "Ƙanwata, ba laifinki ba ne, bakinki ya fi na manya da yawa tsabta." Ta bayyana cewa ciwon dasashi da aka saba gani a wajen manya yana tafiya ne a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma ɓarnarsa daidai take da yawan dattin da ya daskare a gindin haƙori. Wannan kuwa ɓarnarsa ta fi dattin da ake gani nesa ba kusa ba, domin abu biyu ne suke haɗuwa: wasu ƙwayoyin cuta masu zama a ƙarƙashin dasashi, da kuma yadda garkuwar jikin mutum take mayar musu da martani, wanda ake gadonsa a dangi. Wajen yaƙar ƙwayoyin ne jikin da kansa yake narkar da ƙashin.

Ƙwayar cutar da aka fi dangantawa da shi sunanta Aggregatibacter actinomycetemcomitans, kuma likitar ta rubuta mini shi a bayan kati don na nema na karanta. Tana fitar da wani dafi mai kashe fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu tsaron jiki. Akwai wani reshe nata da ake kira JP2 wanda dafinsa ya fi na sauran yawa sosai, kuma an fi samunsa a wajen mutanen da asalinsu Arewacin Afirka ne ko Yammacin Afirka. A wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a birnin Rabat na ƙasar Maroko, wanda mujallar Lancet ta buga a 2008, an bi matasa na tsawon shekara 2, aka ga waɗanda suke ɗauke da wannan reshen haɗarin kamuwarsu ya ninka na waɗanda ba su da ƙwayar har kusan sau 18. An yi makamancin binciken a kan matasa a Ghana, can ma an samu reshen. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ciwon da ban taɓa jin an ambata a gidan rediyo ko a taron iyayen yara ba, ashe yankinmu yana cikin inda ya fi samun gindin zama. Ba a yi wa 'yata gwajin tantance reshen ba, domin likitar ta ce ko da shi ko babu shi hanyar jinyar ɗaya ce.

A takardarta an rubuta harafin C, na tambayi ma'anarsa. Likitar ta ce daga 1999 ana ware wannan ciwo da sunan kansa, wato mai saurin ɓarna, amma a taron masana dasashi na Amurka da Turai da aka yi a Chicago a 2017 an haɗe ciwukan a ƙarƙashin suna ɗaya, aka koma rarraba su bisa girman ɓarna da kuma saurinta, daga A mai tafiyar hawainiya zuwa C mai gaggawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ganewa ita ce a ɗauki kason ƙashin da ya tafi a haƙorin da ya fi lalacewa a raba shi da shekarun mai ciwon, idan amsar ta wuce 1 to C ne. Dattijo mai shekara 60 da ya rasa kashi 30 cikin ɗari bai kai ba. Yarinya mai shekara 14 da ta rasa kashi 30 ta ninka iyakar har ta wuce.

Kafin a taɓa bakin sai da aka aika mu gwajin sukari da na ƙidayar ƙwayoyin jini, domin ciwon sukari da wasu cututtukan jini suna iya fara nuna kansu ta dasashi, musamman a wajen yara. Duka sun fito lafiya. Hajiya, da ta ji ana maganar cin ƙashi, hankalinta ya tashi don ta zaci irin cutar noma ce mai cin kumatun yara wadda ake kai wa asibitin Sakkwato. Na kai wa likitar wannan tambaya, ta ce ba su da alaƙa: noma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, tana farawa da gyambo mai zafi, kuma cikin 'yan kwanaki take ɓarna, wannan kuwa ba ya fita daga gindin haƙori.

Zama na farko na jinyar koyon goge baki ne kawai, abin da na zaci mun riga mun iya. An shafa wa haƙoranta wani ruwa mai launi wanda yake kama dattin da ido ba ya gani, aka ba ta madubi, sai ga launin ya taru a bakin dasashi da tsakanin turame. Aka nuna mata yadda za ta karkata buroshi mai laushi ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, ta riƙa motsa shi a hankali ba da ƙarfi ba, minti 2 safe da dare, aka kuma ba ta wasu ƙananan buroshi masu kama da tsinke na shiga tsakanin haƙora. Na tambayi batun asuwaki, domin a gidanmu ba a rabuwa da shi. Likitar ta ce ta ci gaba da yi, yana tsabtace fuskar haƙori, sai dai ba ya shiga tsakanin turame, don haka ba zai maye gurbin ƙananan buroshin ba, kuma kada ta yi tarayya da kowa a kansa. Gawayi da toka ne ta hana gaba ɗaya saboda suna kankare haƙori da dasashi.

Babban aikin shi ne kankare saiwar haƙoran a ƙarƙashin dasashi. Likitar ta duba kalanda ta ce a yi shi kafin azumi ya kama, domin maganin da zai biyo baya sau uku ake shansa a rana a kan ƙa'idar lokaci. An yi mata allurar kashe zafi a dasashi, aka yi amfani da wata na'ura mai ƙara da fesa ruwa, sannan aka bi da wasu ƙarafa masu lanƙwasasshen baki ana kankare kowace saiwa har gindin aljihun. An raba aikin gida biyu, dama da hagu, a ranaku biyu a jere, don kada ɓangaren da ba a taɓa ba ya sake shuka ƙwayoyin a wanda aka gyara. Ta jure, ko da yake ƙarar na'urar ta fi allurar tayar mata da hankali, kuma na riƙe mata ƙafa har aka gama.

A ranar da aka kammala ne aka fara ba ta amoxicillin da metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, na kwana 7, gwargwadon nauyinta. A nan likitar ta ja mini kunne da abin da nake so duk uwa ta ji. Waɗannan magunguna biyu ana samunsu a kowane kemis, kuma da yawa suna saye su sha da zarar dasashi ya kumbura. Ƙwayoyin cutar suna zaune ne a cikin wani yauƙi mai kauri da suka gina a jikin saiwa, wanda magani ba ya ratsa shi yadda ya kamata, sai an farfasa shi da ƙarfe sannan maganin ya samu waɗanda suka ɓuya a cikin naman dasashi. Wanda ya sha ba tare da kankarewa ba kumburin zai sauka, ya zaci ya warke, ƙashin kuma yana ci gaba da tafiya, ga shi ya koya wa ƙwayoyin jure magani. Flagyl ya sa mata ɗacin baki da tashin zuciya, har a kwana na uku ta ce, "Umma, don Allah a bar shi haka." Na riƙa ba ta bayan ta ci abinci, na zauna a gabanta har ta haɗiye, muka cika kwanakin. An kuma ba ta ruwan kuskure baki na chlorhexidine na mako 2, wanda ya ɗan rina haƙoran ya kuma canza mata ɗanɗanon abinci, amma rinin ya fita a wankin da ya biyo baya.

Makonnin da suka biyo baya sun fi mata wuya a rai fiye da a jiki. Da kumburin ya sauka sai dasashin ya ja baya, haƙoran gaba suka ƙara tsawo a ido, ruwan sanyi kuma yana tsarga mata har ka. Ta koma rufe baki da gefen hijabi idan za ta yi dariya, malamarta ta Islamiyya ma ta aiko tana tambayar dalilin da ya sa ta daina ɗaga murya a karatu. An riga an gaya mana haka zai faru, cewa dasashin da ya kumbura ne yake ɓoye ɓarnar, yanzu kuma ya koma daidai inda ƙashi ya tsaya. An ba ta makilin na masu jin sanyi a haƙori, abin ya ragu sannu a hankali, haƙoran ƙasa masu girgiɗa kuma aka ɗaure su da na kusa da su da wata siririyar waya ta ciki don ta samu ta ci abinci ba fargaba.

Bayan kamar wata uku aka sake auna wuraren nan duka. Inda aka samu 7 ya koma 4, wasu sun koma 3, jinin da ke biyo ƙarfen ya ɗauke a kusan ko'ina. Turmi ɗaya ne na ƙasa ya tsaya a 6 yana kuma zubar da jini, shi ne aka yi wa ƙaramin aiki: aka yanka dasashin aka ɗaga shi, aka wanke saiwar ana ganinta da ido, aka mayar aka ɗinke, aka cire zaren bayan mako guda da 'yan kwanaki. An yi mana bayanin garin ƙashi da ake cusawa a ramin don taimaka wa jiki ya sake gini, cewa a rami mai zurfi kuma matsattse yake aiki, ba a inda ƙashi ya zaizaye a shimfiɗe ba. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a lokacin, likitar kuma ba ta matsa ba, ta ce a jikin matasa irin wannan ramin yakan ɗan cike da kansa idan an tsabtace shi sosai. Hoton da aka ɗauka bayan shekara ya nuna ƙasan ramin ya yi fari fiye da da, ko da yake bai koma yadda Allah Ya halicce shi ba, kuma an gaya mana tun farko cewa yawancin abin da ya tafi ba zai dawo ba.

Abin da ya fi jinyar kanta wahalar shawo kai shi ne maganar dangi. Likitar ta ce a kawo sauran yaran duka a auna su, har da ƙaramar da ba ta gama famfara ba, domin wani lokaci alamar tana fara bayyana a turamen yarinta. An samu ƙaninta mai shekara 11 da aljihu mai milimita 5 a turmi ɗaya, ba jini a buroshi, ba motsi, ba abin da ni ko shi za mu iya gani. An kankare masa a zama ɗaya, kuma da aka sake aunawa ya koma 3. An kuma ja masa kunne tun yanzu a kan sigari da shisha, domin hayaƙi yana ƙara saurin ciwon yana kuma ɓoye jinin da zai tona shi. Da na ga bambancin abin da aka yi masa da abin da yayarsa ta sha, na ce wa Abbansu dole a gaya wa 'yan'uwansa su kai nasu yaran. Hajiya ba ta so ba. Ta ce, "Ke yanzu so kike a ce akwai ciwon gado a gidan nan, alhali ga 'yanmata sun taso?" Na fahimci tsoronta, domin na san yadda ƙaramar magana take girma idan an zo binciken aure. Na ce mata, "Hajiya, giɓi a bakin budurwa ba ya ɓoyuwa, awon kuma ba ya kai rabin awa." Gwaggon yaran ce ta raba gardamar, ta ce ita ta san abin da ta sha tun tana amarya tana tauna da gefe ɗaya, kuma ita za ta fara kai nata.

Yanzu duk bayan wata 3 muke komawa, a auna, a wanke, a sake duba yadda take goge bakin, domin ƙwayoyin suna sake taruwa a aljihun cikin 'yan watanni, kuma wanda ya daina zuwa don ya ga jini ya tsaya yakan dawo da ɓarnar da ta fi ta farko. Kuɗin mota da na kati da fashin makaranta na rana guda ba ƙaramin nauyi ba ne a gidan ma'aikaci, shi ya sa muke haɗa ranar su biyu, muna kuma ware kuɗin tun farkon wata. Ba a cire mata haƙori ko ɗaya ba. Tana so a sa mata wayar gyaran haƙori a mayar da na gaban wurinsu, likitar ta ce za a duba wannan ne idan awo ya ci gaba da fitowa ba aljihu mai zurfi ba jini, domin jan haƙori a cikin ƙashin da ciwo bai lafa ba ƙara narkar da shi yake yi. Daga cikin yaran gwaggonsu an auna uku, an samu babbar da alamar farko a turamen ƙasa, an kuma sa mata ranar kankarewa bayan ta gama jarrabawa.